Littattafan Gwaggo Uku Marasa Launi

4 ga Maris

Zuwa ga ƙanwata, 'yar Baffa,

Assalamu alaikum. Gaisuwa irin ta wanda nisa ya tsare, ba ta wanda zumunci ya yi wa nauyi ba. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara, da fatan layin masu karɓar magani a tagarki bai hana ki sakewa ba. Ni lafiya lau, in ban da gwiwar hagu, wadda kullum take tuna mini cewa matakalar laburarenmu ashirin da biyu ce.

Bayan haka, mai maɗaba'ar da ke buga littattafan marigayiya Gwaggo ya rubuto mini. Yana so ya sake fitar da su bakwai ɗin a jere, don cikar shekara biyu da rasuwarta, ya kuma ɗora mini rubuta gabatarwa: wace ce ita, me ta rubuta, me ya sa mata suke ɓoye littattafanta a ƙarƙashin matashi. Ya ba ni zuwa ƙarshen Mayu.

Na fara da huɗun farko, na same su yadda na bar su. Jan Mayafi a Kan Ganuwa, inda budurwa a garin da aka yi wa ƙawanya take zance da magatakardan abokan gaba ta launin mayafin da take shanyawa. Shekarar da Kogi Ya Juya, labarin matar mai fito da baƙon da ya zo auna ƙasa. Fitila Bakwai a Mashigi, na zamanin ayari. Sai Matar Mai Zanen Taswira, wanda ya sa ni kuka ina da shekara ashirin, ya kuma sake sa ni a makon jiya ina da hamsin da ɗaya. Shekara talatin Gwaggo tana koyar da tarihi a makarantar 'yan mata, kuma kin san abin da take cewa: littafin tarihi yana lissafa waɗanda suka tafi yaƙi, ita tana rubuta waɗanda aka bari a bakin ƙofa.

Ta tono jiya daga ƙarƙashin ƙura,
Ta sa mata launi, ta ba ta sutura,
Masoyan da tarihi bai ko ambata ba,
Ta ba su suna, ta ba su shuhura.

Ga roƙona. Rubutun hannunta na huɗun farko yana wurina, cikin littattafan aji masu layi, ita ta ba ni da kanta. Na ukun ƙarshe nake nema. Ke kika zauna da ita shekarunta na ƙarshe, akwatinta yana hannunki. Ki aiko mini da su, in haɗa da sauran.

Yayanki, ɗan wan mahaifinki

*

19 ga Maris

Yaya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara suna gaida ka. Maigida ya ce in tambaye ka ko ka san hanyar garin nan har yanzu, ko sai an aiko maka da taswira daga littafin Gwaggo. Gwiwar nan kuma ka daina yi mata waƙa, ka kai ta asibiti.

Na ji daɗin batun sake buga littattafan. Ta so a yi haka tana raye.

Rubutun hannu na ukun ƙarshe kada ka wahalar da kanka, babu shi. Ba ɓata ya yi ba, ba a taɓa yin sa ba. Abin da zan iya gaya maka shi ne babu kalma ɗaya a cikinsu da ba ta bi ta hannuna ba, don haka in akwai wurin da ya shige maka duhu, tambaye ni. Akwatin kuwa ba komai ciki sai tabaranta biyu, da tafireta, da wasiƙunka. Guda ɗari da goma sha huɗu ne, na ɗaure su shekara-shekara.

Ina rubutu a tsaye, an kawo kwalayen magani ana jirana.

Ƙanwarka

*

2 ga Afrilu

Ƙanwata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ki da iyalinki. Gwiwa ta yi sauƙi. Zuciya ce ba ta yi ba, kuma wasiƙarki ce sanadi. Na karanta ta a tsaye, na karanta ta a zaune, na kai ta bakin taga ko haske zai sauya mata ma'ana. "Ba a taɓa yin sa ba." "Babu kalma ɗaya da ba ta bi ta hannuna ba." Da ba ki rubuta waɗannan layuka ba, da na ci gaba da ƙaryata abin da idona ya nuna mini.

Bari in gaya miki yadda nake aiki, don kada ki ɗauka zato ne kawai. Ina da katunan nan na laburare da muke rubuta sunayen littattafai a kai. Da na ƙudura yin babi a kan launuka a rubutun Gwaggo, sai na riƙa buɗe kati ɗaya ga duk launin da ta ambata, da shafinsa. Kin san ba ta cewa ja ta yi shiru. Sai ta ce ja irin na garwashin da aka hura sau ɗaya, ko fari irin na ƙashin da ya shekara a rana. Huɗun farko sun cika mini aljihun tebur biyu, har na ara na uku a ofishin maƙwabcina.

Sai na shiga ukun ƙarshe. Ƙarar Ƙofar Yamma, labarin matar mai gadin gari wadda take gane kowa da takunsa. Ƙanshin Ruwan Farko, na shekarar annoba, inda mai jinya da majinyaci suka so juna ta bayan labule. Da Wanda Ya Ce Zai Dawo. Shafi ɗari shida da wani abu, ƙanwata, na fito da kati ɗaya tak. Akwai ƙarar sarƙa, akwai kaushin igiyar rijiya, akwai warin fatar sirdi bayan ruwan sama, amma ba ja, ba kore, ba rawaya. Amarya ta shigo, an gaya mana yadda mundayenta suke kaɗawa, ba a gaya mana me ta sa ba. Gwaggon da na sani da ta yi shafi biyu a kan mayafin kaɗai.

Katin nan ɗaya daga littafin ƙarshe yake, shafi na ɗari biyu da sha ɗaya: "Ya juya baya a bakin ƙofa, rigarsa shuɗiya." Wannan layi na yarda nata ne. Ina jin wani guntun rubutunta ne aka tsinta aka liƙa.

Na kuma tuna wani abu. Shekara tara kafin ta rasu wasiƙunta suka daina zuwa mini da rubutun hannu, suka koma na tafireta, sa hannun kaɗai ne nata, shi ma yana hawa yana gangarowa daga layi. A shekarar kika koma gidanta da zama. A shekara ta gaba Ƙarar Ƙofar Yamma ya fito. Kuma mai jinyar nan ta Ƙanshin Ruwan Farko ta san awon magani fiye da yadda malamar tarihi za ta sani.

Gidan gidanta ne, ƙofar ƙofarta,
Amma wa ya wanke launin tufarta?
Wa ya zauna bisa kujerarta,
Yana ta rubutu da sunan hannunta?

Ban ce kin yi da mugun nufi ba. Wataƙila tsufa ya kama ta, kika ga sunanta zai dushe, kika tallafa. Littattafan ma ba munana ba ne, na biyun ya hana ni cin abincin rana. Amma ba zan sa hannuna a gabatarwar da za ta ce wa mutane bakwai ne alhali huɗu ne ba. Ki faɗa mini gaskiya tsakanina da ke, mu san yadda za mu rufa wa juna asiri.

Yayanki

*

8 ga Mayu

Ƙanwata,

Ina gaishe ki, ko da yake ban san ko gaisuwata tana isa ba. Mako biyar ke nan. Kullum da hantsi nakan sauka matakalar nan in duba akwatin wasiƙu, har mai shara ta fara yi mini kallon wanda aka yi wa alkawarin aure aka fasa. Na je gidan waya, suka duba littafinsu, suka tabbatar mini wasiƙata ta isa garinku tun tara ga Afrilu. Da rashin lafiya ne da maigidanki ya sanar da ni. Saboda haka na fassara shirunki da abin da shiru yake nufi idan an yi wa mutum tambaya irin wannan.

Ba na so ki ji daga bakin wani, shi ya sa nake gaya miki. Ranar Litinin na rubuta wa mai maɗaba'a. Ban ambaci sunanki da laifi ba. Na ce ina da shakka mai ƙarfi a kan ukun ƙarshe, na aika masa da lissafin katunan, na ce wadda ta zauna da marigayiya ita za ta iya warware zancen. Ya amsa da gaggawa. Ya dakatar da ukun. In ba a kawo masa hujja kafin ashirin da biyar ga wata ba, huɗu zai buga, ya kuma sa 'yar sanarwa a bangon baya cewa sauran ba a tabbatar da su ba.

Ban ji daɗin yin haka ba. Na ɗauko hotonta na ajiye a kan tebur kafin in rubuta, don in tuna wa nake karewa. Yau ko baiti ɗaya ya ƙi zuwa mini.

Har yanzu ƙofa a buɗe take. Layi biyu sun isa.

Yayanki

*

14 ga Mayu

Yaya,

Lafiyarmu ƙalau, tunda ka tambaya.

Wasiƙarka ta Afrilu ta iso a kan lokaci. Mako biyar tana aljihun rigar aikina, har ta yi laushi kamar tsumma. Ban amsa ba don amsar ba tawa ba ce, na yi wa Gwaggo rantsuwa a kanta. Ina ta neman yadda zan wanke kaina ba tare da na karya alkawari ba, kai kuma kana can kana ƙirga kati.

Mutuminka na maɗaba'a ya rubuto mini, kuma asibiti ya aiko da takardar, ba gida ba. Akawunmu yana buɗe duk abin da ya zo da hatimi. Kafin azahar babbar nas ta leƙo ta tagata, marasa lafiya na tsaye, ta ce, "Ashe marubuciya muke da ita ba mu sani ba? To ki riƙa duba abin da kike rubutawa a kan kwalabe, kada ki sa sunan wani." Aka yi dariya. Shekara goma sha tara ina wannan taga, ba a taɓa samun ƙwaya ɗaya ta ɓata a hannuna ba.

To ga abin da kake nema, Allah Ya yafe mini, ita ma ta yafe mini.

Gwaggo ba ta gani, Yaya. Shekara tara ba ta gani. Ya fara kamar hazo, cikin wata bakwai ya rufe. Shi ya sa na koma gidanta. Mutanen unguwa sun sani, dangi na nan sun sani. Mutum biyu ta hana a gaya wa: mai maɗaba'a, don kada a riƙa sayen littafinta saboda tausayi, da kai. Na ce mata, "Gwaggo, ɗan wanki ne, ya kamata ya sani." Ta ce, "In ya ji zai zo gobe. Ba na son wannan zuwan. Ya zo don ya yi kewata." Duk wasiƙar da ka aiko ni nake karanta mata, da baitocin, wani sa'in sau biyu. Kowacce tana ƙarewa da za ka zo in an yi hutu. Da ta rasu ka iso washegari, ka kwana ɗaya, kowa ya ɗauka ka sani.

Yadda muke aiki kuwa, da safe kafin in tafi asibiti nakan sa mata kaset a rikoda, in ɗora yatsanta a kan maɓallin. Ta yini tana faɗa. In na dawo in saurara in buga da tafireta, da yatsa biyu, in karanta mata, ta gyara. Kaset uku gare mu. Duk babin da aka gama sai mu ɗauki sabo a kansa, don ta ce murya ba abin ajiya ba ce. Awon magani ni ta tambaya, kamar yadda ta tambayi maƙeri yadda ake ɗaura wa doki takalmi. Shi ma ka rubuta wa maɗaba'a a kansa.

Launi kuma da gangan ta bari. A babin farko na Ƙarar Ƙofar Yamma ta ce kore, sai ta tsaya, ta ce in goge. Ta ce ta fara mantawa da yadda kore yake, kuma ita ba ta taɓa rubuta abin da ba za ta iya tsayawa a kansa ba. Ƙofar gidan nan da ke ƙara, sau uku maigida yana zuwa da mai zai sa mata, tana hana shi. Da ita take sanin an shigo.

Ga kaset ɗaya cikin wannan ƙunshi, shi kaɗai ya rage da muryarta, babin ƙarshe na littafin ƙarshe. Ranar ina gida, za ka ji ni a ciki. Ka saurari ƙarshen gefe na biyu. In ka ga dama ka buɗe masa kati.

Ƙanwarka

*

20 ga Mayu

Ƙanwata, 'yar Baffa, wadda na zalunta,

Ban san da wace gaisuwa zan fara ba, duk waɗanda na iya sun yi mini ado da yawa. Ina fata kina lafiya. Ni ban sani ba.

Ƙunshin ya iso jiya da hantsi. A ɗakin ajiyar laburare akwai tsohuwar rikoda da muke juya laccoci da ita. Na kulle ƙofa, na zauna a kan kwalin tsofaffin mujallu, na danna. Da farko ƙarar kofi a kan faranti, sai tarin nan nata guda biyu da take yi kafin ta fara darasi. Sai ga ta. Ban shirya ba. Ta faɗi babin nan da na ce ba nata ba ne, jimla bayan jimla, tana komawa baya tana sauya kalma, tana yi wa jarumin faɗa kamar yana gabanta.

Na kai inda kika ce. Zan rubuta shi yadda na ji, don hannuna ya ɗanɗana abin da naki ya yi shekara tara yana yi.

Ta ce, "Ya juya baya a bakin ƙofa, rigarsa shuɗiya."

Kika ce, "Gwaggo, kin manta? Mun daina launi."

Ta ce, "Ban manta ba, sarkin gyara. Wannan na gan shi da idona. Shi ne abu na ƙarshe da na gani sosai, kafin hazon nan."

Kika ce, "To wace irin shuɗiya? Ba kya barin launi haka tsirara."

Sai ta ce, "Bar shi haka. Mai rigar zai gane, in ya karanta da kyau."

Na karanta, ƙanwata. Na karanta har na buɗe masa kati, na rubuta lambar shafi, na sa shi cikin hujjojina. Rigar tana nan a ƙasan akwatina, ta yi mini kaɗan. Ita na sa ranar da na yi mata sallama na ce sai hutu mai zuwa.

Yau da safe na aika wa mai maɗaba'a takarda ta hannun direban motar safe, ba ta gidan waya ba. Na ce shakkata kuskurena ce ni kaɗai, na ji muryar marubuciyar da kunnena tana faɗin littafin, bakwai ne ba huɗu ba. Na ce ya rubuta miki takardar ban haƙuri, ya aika ta asibiti da hatimi, don akawun nan ya buɗe. Ban ambaci idonta ba. Ya isa a karya alkawarin sau ɗaya, kuma ni na jawo.

Babin launuka na yage shi. Ga abin da na sa a madadinsa, ki duba ko ya tona abin da ta rufe:

"A littattafanta huɗu na farko ta nuna mana zamanin da ya wuce kamar wadda ta ɗaga fitila a ɗaki mai duhu. A ukun ƙarshe ta ajiye fitilar, ta koya mana yadda mai jira yake sanin duniya: da ƙarar ƙofa, da takun da ya matso, da takun da ya wuce bai tsaya ba. Mai karatu mai gaggawa zai ce wani abu ya ɓace. Marubucin wannan gabatarwa ya taɓa faɗin haka."

Ina so in sa sunanki a shafin godiya, in kin yarda. Gafara kuwa ban san ko ina da bakin roƙonta ba, amma ina roƙo.

Yayanki

*

29 ga Mayu

Yaya,

Muna lafiya. Takardar maɗaba'a ta zo, akawu ya buɗe, ya karanta, ya kawo mini da hannu biyu. Babbar nas ta ce ita dama wasa take yi. An ce ranar Litinin za a fara buga bakwai ɗin.

Sakin layin ya yi. Da na karanta mata shi da ta ce ka cika zaƙi, sannan ta ce in maimaita. Sunana kuma ka bar shi. In dole ne ka rubuta cewa wata ta buga da yatsa biyu.

Maganar gafara ba ta takarda ba ce, na gaji da takardunka, ɗari da goma sha takwas ke nan yanzu. Kaset ɗin nan shi kaɗai ne a duniya, kwana biyar ban ci abinci da daɗi ba da yana hanya. Kada ka ba gidan waya, kada ka ba direba. Ka kawo shi da hannunka.

Ba sai ka rubuto ranar da za ka zo ba, balle baiti. Har yanzu ba mu sa wa ƙofar mai ba. Zan ji.

Ƙanwarka